Inda Auta Ta Ɓoye Fiyus

Wuta ta ɗauke a shagon gyara wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ba wanda ya ko ɗaga kai, don abu ne da aka saba. Dawowarta ce ta zo da rigima. Fankar sama ta zabura tana juyi kamar za ta ɓalle, dogon ƙwan da ke kan teburin Dogo mai gyara ya yi fari fat sannan ya mutu, wani talabijin da aka bari a jone ya soma tashin ƙauri.

"Ku zare! Ku zare komai!" in ji Manaja daga ƙofar ofishinsa. Shi dai ihun ne aikinsa, ko filogi ɗaya bai taɓa ba.

Auta ta zare nata, ta zare na maƙwabcin teburinta da ya fita shan shayi, ta koma ta zauna. Ita kaɗai ce mace cikin masu gyara shida da ke shagon, kuma ita ce ba ta ruɗewa, har Dogo kan tsokane ta da cewa ko gobara ta tashi sai ta gama ɗaure sukurun da ta fara. To amma yau tana zama sai wani abu ya faɗo mata a rai. Akwatin Baba ta tuna.

Baba mahaifinta ne, shekara talatin da huɗu yana gyaran rediyo, har yanzu Mai Rediyo ake kiransa a unguwa duk da an daɗe da rufe shagonsa. Shi ya koya mata riƙe ƙarfen dalma tun kanta bai wuce tebur ba. Idonsa ya tafi a hankali, a cikin shekara uku, har ya zama ba ya bambance rana da inuwa. Bara kuma kunne ya fara nauyi. Sai ka tarar da shi ya manna 'yar rediyonsa a kunci, ya karkace wuya, yana kamo labarai rabi da rabi. Wannan zaman ne Auta ta kasa jurewa gani, ta kwashe tarkacen da suka rage a durowowin tsohon shagonsa da aka kwaso gida, ta haɗa masa amfilifaya, abin ƙara ƙarfin sauti, a cikin akwatin ƙarfe, da lasifika biyu. Makon jiya ta kai masa. Ya ji muryar mai karanta labarai ta cika ɗaki, ya yi ta dariya yana buga cinya kamar yaro.

Abu ɗaya ne ba ta faɗa masa ba, wato inda ta sa gidan fiyus.

Kowane mai gyara ya san inda ake sa shi. A bangon bayan akwati, kusa da inda wayar wuta ke shiga, da murfinsa mai murɗewa a waje, yadda in fiyus ya ƙone za a canza ba sai an buɗe akwati ba. Auta ta sani sarai. Amma ta san ubanta ma. In ta sa a waje sai ya murɗe, sai ya laluba, sai ya ce fiyus ɗin ya yi ƙanƙanta ya naɗe shi da zaren waya irin na mutanen da. Saboda haka ta sa shi a ciki, can bayan taransifoma, a kan ɗan faranti mai haƙoran tagulla biyu tsirara. Ko roba ba ta sa ta rufe su ba, don a ganinta wa zai shiga nan in ba ita ba? Ta ɗaure murfi da sukuru huɗu, ta jingina bayan akwatin da bango, ta kama hannun Baba ta nuna masa makunni da abin ƙara murya, shi ke nan. Ranar har yaba wa kanta ta yi, wai ta yi dabara.

Yanzu ne dabarar ta juyo ta dube ta. Ɓoye wa makaho abu mai sauƙi ne, amma ba makahon da ya shekara talatin da huɗu yana buɗe akwatuna ba. In fiyus ya ƙone, Baba ba zai naɗe hannu ya jira kowa ba. Zai shafa baya, ba zai ji murfi ba, zai san yana ciki, zai kwance sukuru ya tura yatsu. Fiyus kuwa in ya ƙone ba duk akwatin yake kashewa ba. Haƙori ɗaya cikin biyun nan yana nan da cikakkiyar wuta muddin filogi na jone, shiru abinsa, ba ƙara ba zafi.

Ta ciro waya ta kira shi. Ta yi ringi har ta katse. Ta sake. Ta sake.

"Lafiya, Injiniya?" in ji Dogo yana bisa kujera yana cire mataccen ƙwan.

"Wannan wutar, layinmu kaɗai ta taɓa ko?"

"Ina fa! Yanzu uwargida ta kira ni, wai firij ɗinmu ya yi tari biyu ya cika. Duk gefen nan ne, har bayan titin jirgi."

Gidansu Auta kuwa a bayan titin jirgi yake. Mama ba ta nan, kwananta uku ke nan a gidan Yaya da ta haihu. Ta kira Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyar da ke kai wa Baba abincin rana, wayar a kashe. Ta kira Mama, tana jin ta ɗauka ta rasa abin da za ta ce da ba zai tayar wa tsohuwa hankali ba, sai ta tambayi jariri ta kashe.

Ta je wajen Manaja. Ya dube ta, ya dubi layin mutanen da suka fara shigowa rungume da kayan da wuta ta ƙona musu, ya ce, "Yau? Yau za ki fita? Auta, kalli ƙofa. Rabon da mu ga rana irin wannan tun bara."

"Awa ɗaya kawai, ranka ya daɗe. Mahaifina ne."

"Ba shi da lafiya?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To?"

Ta rasa yadda za ta ce masa lafiyar tasa ce ma abin tsoron. Ta koma teburinta, aka tura mata wata rediyon mota. Ta kwance sukuru, ɗaya ya faɗi ya shige ƙarƙashin tebur. Ta ɗauki mita ta ajiye. Ta ɗauki ƙarfen dalma ta wajen bakinsa, ta yar da shi tana yarfa hannu, ita da rabonta da ƙona yatsa tun tana makaranta. Ta tashi, ta zauna, ta duba waya, ta sake tashi. A cikin kanta tana ƙirga lokaci: minti biyar ya gane ba daga tasha ba ne, minti biyar ya jawo akwatin daga bango, sannan neman abin kwancewa. Nan ta ɗan samu sauƙi, domin tun watannin baya ta kwashe kayan aikinsa ta ɗora a saman kabad inda hannunsa ba ya kai. Sauƙin bai yi minti ɗaya ba. Mutumin da ta taɓa gani ya kwance bayan talabijin da wutsiyar cokali, saman kabad ne zai tsayar da shi?

Dogo ya sauko daga kujera, ya jawo rediyon motar zuwa gabansa. "Tashi ki tafi, kafin ki ƙona mana shago. In ya tambaya zan ce kin shiga banɗaki."

"Awa guda a banɗaki?"

"Shi ya san cikin mata? Wuce kawai."

Ta suri jakar kayan aikinta ta bi ta ƙofar baya.

Titi ma wutar ta taɓa shi. Fitilun mararraba sun mutu, motoci sun shiga bakin juna ta kusurwa huɗu, kowa na danna ham kamar ham ɗin ne zai buɗe hanya. Ta shiga bas, bas ta yi taku goma ta tsaya. Matar da ke kusa da ita ta ɗora mata kwando a cinya tana ba ta labarin yadda dutsen gugarta ya ƙone, Auta na cewa "Allah ya kyauta" ba tare da ta ji ko kalma ɗaya ba. Ta kira Baba sau uku a cikin bas ɗin. A na ukun sai ta ga kamar ringin ma ya canza, ya yi tsawo, ya yi sanyi. Ta miƙa wa matar kwandonta, ta tsallake ƙafafun mutane ta sauka ana zaginta. Ta tare mai babur, ya ratsa da ita ta bayan kasuwa har bakin titin jirgi, can kuma aka tarar an sauke shinge, jirgin kaya na wucewa yana jan tarago ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawar komai a ransa. Ta ƙirga ashirin da bakwai. Haushin kanta take ji, haushin da ya fi tsoron ma ciwo, domin ba rashin sani ya kai ta ba. Da gangan ta yi, da hannunta, tana murmushi.

Ana ɗaga shingen ta sallami mai babur ta ƙarasa da gudu, jaka na dukan ƙugunta.

Gidan shiru. Tun daga soro ta kasa kunne ko za ta ji muryar rediyo, ba ta ji komai ba sai kukan fankar falo. Ta yi sallama. Ba a amsa ba. Ta ɗaga labulen ɗakinsa.

Yana zaune a kujerarsa, a miƙe, da hularsa. Ya jawo ɗan teburin gabansa, akwatin na kai, bayansa na fuskantarsa. A hannunsa akwai ƙaramar sukundirebar keken ɗinkin Mama. Sukuru biyu na cikin faifan kofin shayi, biyu na nan a ɗaure. Murfin bai ɗaga ba.

Ta dafa bango.

"Wa alaikumus salam," in ji Baba. "Kin yi gudu. Wa ya biyo ki?"

"Baba, na yi ta kira."

"Na ji. Sau goma sha ɗaya."

"To me ya sa..."

"Na san ke ce. Ba ni da abin da zan ce miki, shi ya sa."

Ta sunkuya za ta ajiye jaka, sai idonta ya sauka a kan soket mai baki huɗu da ke ƙasan teburin. Filogi ɗaya na kwance a ƙasa, an zare shi an ajiye a gefe da kyau, irin ajiyar mai sana'a. Na rediyo ne. Na amfilifayar yana nan a jone, ɗan jan ƙwan soket ɗin na ci.

Ta miƙa hannu a hankali, ta riƙe soket ɗin da ɗayan hannun don kada ya motsa, ta ja. Duk da haka sai da ya ce ƙas.

Kunnen da ya yi nauyi bai yi nauyi a nan ba. Baba ya juyo da kai.

"Me kika zare?"

Ƙarya ta zo mata har bakin leɓe, mai kyau, mai sauƙi: cajar waya ce. Amma ƙarya irin wannan ce ta cikin akwatin, ita ta sa ta gudu rabin gari. Ta haɗiye ta.

"Filogin amfilifayar ne, Baba."

"Na zare shi."

"Na rediyo ka zare. Kansu iri ɗaya ne."

Ya juya sukundirebar a hannunsa, ya sake juyawa. Da ma ya yi faɗa, da ya fi mata, domin Baba mutum ne mai faɗa, almajiran shagonsa na da har yau suna ba da labarinsa. Amma sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar yana yi wa mai kawo gyara bayani.

"To kin ga dalilin da ya sa ake sa shi a waje ke nan. Ba don gwanaye ake yi ba. Don ranar da gwani zai zare filogin da ba shi ba."

Auta ta durƙusa a gefen teburin. "Ka yafe ni, Baba."

"Na shafa bayan nan sau uku," ya ce, kamar bai ji ta ba. "Na ce yarinyar nan ba za ta haɗa abu ba fiyus ba, ni na koya mata. Na sake shafawa. Sai na gane. Na ce au, ashe ni aka ɓoye wa. Raina ya ɓaci, Auta, ba zan ɓoye miki ba. Na ce yau sai na nuna mata. Na kwance ɗaya, na kwance biyu." Ya taɓa faifan, sukurun suka yi ƙara. "Sai na tsaya. Kin san me ya tsayar da ni?"

"Tsoron wuta?"

"Wuta? Ni da na ɗauka na zare ta?" Ya yi 'yar dariyar da ba daɗi a cikinta. "Tsoro na ji kada in buɗe, in tura hannu, in kasa gane komai. In ji wayoyi kawai. Muddin yana rufe, ni Mai Rediyo ne da 'yarsa ta raina. In na buɗe na kasa, to kin yi gaskiya ke nan. Shi ne na zauna."

Hawaye suka zubo mata, ta bar su, tunda ba gani zai yi ba. Sai kuma ta ji kunyar wannan tunanin ma, ta share.

Ta ce, "Akwai gidan fiyus mai murfi a waje a cikin kayanka?"

"Durowa ta uku, cikin gwangwanin madara mai lanƙwasasshen murfi. In ba ki kwashe shi ma ba."

Yana nan, guda huɗu ma, baƙaƙe, tsofaffi, masu nauyi a hannu. Ta kwance sauran sukuru biyun, ta ɗaga murfi, ta sa mita ta tabbatar manyan kwandansa, masu riƙe wuta ko an zare filogi, sun huce. Da ta leƙa bayan taransifoma ta ga haƙoran tagullan nan suna ƙyalli, daidai inda yatsa mai lalube zai fara sauka, sai da ta kau da kai. Ta cire farantin ta jefa a jaka. Ta ɗauko abin huda ta sa alama a bangon baya.

"A ina za ki huda?"

"Kusa da inda waya ke shiga."

"Kai min hannu wajen." Ta ɗora yatsansa a kan alamar. Ya shafa hagu, ya shafa dama. "Matsa nan kaɗan. Nan ya yi kusa da ƙarfen da ke shan zafi. Kuma ki nisanta shi da wayar sauti, in ba haka ba zai riƙa yi mini gurnani a kunne."

Ta matsa. Ta huda, ta goge bakin ramin, ta zura gidan fiyus ta ɗaure shi tamau. Ƙarfen dalma ya yi zafi, ƙamshin nan ya tashi, ta ga hancin Baba ya buɗe.

"Wayar da ke kawo wuta, a wace ƙafa za ki liƙa ta?"

"Na san..." Ta kama bakinta. Ta sani, tun tana 'yar shekara goma sha biyu ta sani. "A wace zan liƙa, Baba?"

"Ta can gindi, mai nisa da murfi. Ta wuya kuma ta tafi makunni. In kika juya su, ranar da aka zaro fiyus bakin ramin ne zai zama mai wuta, yatsa na taɓawa an gama. Kuma fiyus kafin makunni, kafin komai. Ki sa musu roba, duka biyun, ki gasa ta ta kama."

Ta yi yadda ya ce, ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ya sa yatsu ya bi aikin, ya ja kowace waya ya ji ko za ta motsa, ya matsa robar da farce. Bai yaba ba, bai kuma kushe ba, a wajen Baba kuwa wannan shi ne yabo. Ta rufe akwatin ta ɗaure sukuru huɗu. Ta zaɓo sabon fiyus daidai ƙarfin na da, ɗan siririn gilashi da bai kai gaɓar yatsa biyu ba, ta ɗora masa a tafin hannu tare da murfin gidan fiyus ɗin.

Ya kama murfin da hagu, fiyus da dama. Ya kai bakin gilashin zai zura a murfin, ya kuskure, ya sake kaiwa, sai abin ya suɓuce. Ya bugi gefen tebur, ya faɗi a siminti, ya gangara ya tsaya a jikin ƙafar kujerarsa ta baya.

Auta na ganinsa, ga shi nan, taku ɗaya. Hannunta har ya tafi. Ta dawo da shi, ta haɗa da ɗayan ta matse su a tsakanin gwiwoyinta.

Baba ya jira. Ta san abin da yake jira ya ji, motsin zanenta, da "ga shi, Baba." Bai ji ba. Ya ajiye murfin a faifai, ya dafa tebur, ya sauko a kan gwiwoyinsa yana nishi, ya shimfiɗa tafukansa a kan siminti ya fara shafawa. Ta gaba ya nufa, inda babu komai.

Wayarta ta hau ruri a cikin jaka, Manaja ne ba shakka. Ta bar ta tana yi. Tana kallon hannun ubanta yana tafiya a ƙasa, yana nisa da fiyus ɗin, yana dawowa, ta cije leɓe har ya yi mata zafi, ba ta ce masa hagu ko dama ba.